Wa'adin kai ƙara bayan sallama daga aiki a Najeriya

Wa'adin kai ƙara shi ne lokacin da doka ta ƙayyade wa ma'aikacin da aka sallama domin ya shigar da kokensa. Idan lokacin ya wuce, kotu na iya korar ƙarar ba tare da duba gaskiyar maganar ba. A Najeriya wa'adin ya danganta da inda aka kai koken da kuma wanda ake ƙara.

Kotun da ke da hurumi

Gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron shari'o'in aiki ita kaɗai, ƙarƙashin sashe na 254C, har da waɗanda suka shafi tauye haƙƙin ɗan Adam a wurin aiki. Kotun tana da reshe a Kano.

Ma'aikatan gwamnati

Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal don kai ƙarar jami'i ko hukumar gwamnati kan abin da suka yi a bakin aiki. A yankin Haɗejiya wannan ya shafi ma'aikatan hukumomin tarayya irin su Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, mai kula da aikin noman rani na Auyo. Jihohi ma suna da irin wannan doka. Kotun Ƙoli ta yi hukunce-hukunce masu saɓani: a 2019, a shari'ar Ajibola Johnson, ta ce dokar ba ta shafi kwangilar aiki ba, amma a 2021, a shari'ar Idachaba, ta yi aiki da ita. Saboda haka lauyoyi kan shawarci wanda aka sallama ya shigar da ƙara kafin cikar wata uku.

Kamfanoni masu zaman kansu

Ƙarar saɓa kwangila tana bin dokar wa'adi ta jiha, wadda galibi shekara biyar ce ko shida.

Haƙƙin ɗan Adam

Ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 1979 sun sa wa'adin wata 12, amma na 2009 sun soke shi baki ɗaya. Sai dai kotuna sun sha bayyana cewa ba a bin wannan hanya idan ainihin koken kan kora daga aiki ne, ba kan tauye haƙƙi ba.

Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a

Wannan hukuma, wadda aka kafa a 1975, tana karɓar koke kyauta kuma tana da ofishi a Dutse. Ba ta binciken koken da aka kawo bayan wata 12 da faruwar lamarin. Kai koke gare ta, ko roƙon shugabannin wurin aiki, ba ya dakatar da wa'adin kotu. Lissafi kan fara ne daga ranar sallama, shi ya sa adana takardar sallamar yake da muhimmanci.