Sunayen Kuɗi a Bakin 'Yan Kasuwa

A kasuwar Dauran, kamar ta Shinkafi da ta Ƙauran Namoda, wanda ya ce ba shi da ko sisi yana ambaton kuɗin da aka daina kashewa tun tuni. Sisi da sule da kwabo da fam duk daga Turanci aka aro su a zamanin mulkin mallaka. Naira ta maye gurbin fam a 1973, amma sunayen suka ƙi tafiya.

Jaka ta fi su daɗin labari. Asalinta jakar da ake zuba fam 100 ne, kuma tun da fam ɗaya ya koma naira 2, sai jaka ta zama naira 200. A nan baƙo ke ruɗewa, domin da an ƙetara iyaka zuwa Maraɗi, jaka, wadda a can ake ce wa jika, na nufin sefa 1,000, dala kuwa sefa 5.

Wasu sunayen daga hoto suka fito. Takardar naira 20 ta 1977 na ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammad, shi ya sa ake kiranta murtala. Ta naira 50 kuma wazobiya, haɗin kalmar "zo" a Yarbanci da Hausa da Ibo.