Tsohon Babur: Sarƙa Ko Bel?

A unguwarmu nan Haɗeja akwai wani dattijo maƙwabcinmu mai tsohon babur, Honda CG125, wanda ya saya tun Haɗeja tana cikin Jihar Kano, watau kafin a yanke Jihar Jigawa a 1991. Babur ɗin nan shi ne jakin gidan. Shi ke kai taki fadama, shi ke komowa da buhun shinkafa, shi ne kuma ya kai uwargida asibiti da tsakar dare sa'ad da haihuwar autansu ta zo da gardama. Bayan ambaliyar 2022 sai ya soma wani hali. A murɗa totur, inji ya yi ta ruri kamar zai tashi sama, amma tafiya sai ka ce ta hawainiya. In an hau ɗan tudu kuwa, sai mai babur ya sauka ya tura.

Autan nan, wanda yanzu ya zama saurayi, ya gani a waya yadda Turawan Ingila ke cire sarƙa daga tsofaffin baburansu, su sa bel da sabon kuloci. Ya ce, "Baba, mu ma mu yi haka mana, mu huta da sarƙa." Uban ya ce, "Kai yaro, kuɗin shinkafar bana kake so mu kai wa bakanike?" Gardama ta yi tsawo har ta iso ƙofar gidanmu. Tun da yake gidaje da yawa na masu karatu suna da irin wannan babur, mun ga ya kamata mu baje maganar a nan.

Abin da saurayin ya gani gaskiya ne, sai dai bai san wace sarƙa ake cirewa ba. Tsofaffin baburan Ingila, irin su BSA da Triumph da Norton, suna da sarƙa biyu. Akwai wadda kowa ke gani, mai juya ƙafar baya. Akwai kuma ta ciki, wadda ke ɗauko ƙarfi daga inji ta kai wa kuloci da giya, tana gudu a cikin wani akwati mai ɗan baƙin mai. Akwatin nan ya yi suna wajen yoyo, sarƙar tana saki sai an riƙa ɗaure ta, kulocin kuma ga nauyi. Don haka masu sha'awar waɗannan babura suke cire ta, su sa bel mai haƙora da faifan alminiyam marar nauyi, sau da yawa har kulocin ya koma aiki a bushe. Su kam sun sami sauƙi: ƙara ta ragu, yoyo ya tsaya.

To, Honda na maƙwabcinmu ba shi da wannan sarƙa ta ciki sam. Kamfanin ya fito da CG125 a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu, inda hanya ba ta da kyau, mai babur kuma ba kullum yake juye baƙin mai a kan kari ba. Tsakanin injinsa da kuloci haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna kai tsaye. Haka galibin baburan Japan suke, haka kuma na Sin da na Indiya da suka cika kasuwa daga baya. Ashe abin da saurayin ke so a cire, babu shi a ciki.

Saura sarƙar baya. Ita ma ana sa bel a madadinta. Kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya fito da babur mai irin wannan bel a 1980, yana tafiya shiru, ba ya bukatar mai. Amma a kan kwalta mai tsabta ke nan. Mu duba ƙasarmu. Sunan jihar ma daga jigayin rairayi ya fito. Wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan Kirikasamma ko Guri ya san rabin tafiya a yashi take, rabi a taɓo. Tsakuwa guda in ta faɗa tsakanin bel da faifansa tana iya huda shi. In kuwa ya tsinke a tsakiyar fadama, ba a ɗinke shi, sai sabo, sabon kuma ba a rataye yake a rumfar masu kayan gyara ba. Sarƙa fa? Kowane bakanike na bakin hanya zai haɗa ta da guduma da ɗan mahaɗi, ka isa gida.

Ba mu ce bel baƙo ne a gare mu ba. Dattawa za su tuna da Mobylette, ɗan babur ɗin Faransa mai feda, wanda fambel ke ɗauko ƙarfin injinsa kafin sarƙa ta karɓa. Za su kuma tuna yadda yake santsi in ya sha ruwa. Har yau fambel ne ke juya injin niƙa a kowace unguwa. Amma injin niƙa a rumfa yake zaune, ba ya ƙetare rafi.

Ciwon babur ɗin maƙwabcinmu a kuloci yake, kuma a nan ne muke so masu gida su buɗe kunne. Kuloci faya-faye ne a jere cikin kwando, na ƙarfe da masu kaushi bi da bi, sifirin yana matse su wuri ɗaya, dukansu suna wanka cikin baƙin man inji. In ka ja hannun kuloci sai su saki juna, inji ya rabu da ƙafa. In ka saki sai su kama. Duk lokacin da suke tsakanin kamu da saki, gogar juna suke yi, suna zafi, suna cinyewa. Yanzu ku dubi mutumin da ya ɗora buhu biyu ya shiga rairayi: ya riƙe kuloci rabi, ya cika wuta, yana tafe yana dogara ƙafa. Minti kaɗan na wannan ya fi tafiyar wata guda a kan kwalta cin faya-faye. Da ya sa giya ta ɗaya ya saki hannun gaba ɗaya, ko ya sauke buhu guda ya komo ya ɗauka, da ya tsira da kuɗinsa.

Sa'an nan ga ruwa. A watan Agusta da Satumba, in Kogin Haɗeja ya cika ya malala, mutane kan kutsa da babur ta inda hanya ta nutse. Ruwa ya sami hanyar shiga inji, baƙin mai ya koma launin shayi mai madara. Wanda ya ga haka, kada ya ce bari sai ranar kasuwa. A juye shi nan da nan. Lita 1 ce ko kusa da haka, ba ta kai kuɗin sabon kuloci ba, balle na inji. A kuma lura da irin man da ake zubawa. Wani man mota yana da sinadarin ƙara santsi, wanda ke sa faya-fayen babur zamewa. A nemi mai alamar JASO MA a jikin galan. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, wanda ba a san asalinsa ba, mu dai ba mu yarda da shi ba.

Kafin a zargi faya-faye ma, a fara duba waya. Hannun kuloci yana bukatar ɗan wasa, kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa, kafin ya fara ja. In an ɗaure wayar tam, kuloci ba ya kamawa sosai ko da an saki hannu. Mun san waɗanda suka biya kuɗin buɗe inji alhali juya ɗan noti ne maganin.

Na maƙwabcinmu dai ya wuce nan. Da bakanike ya buɗe, sai ga faya-fayen sun yi sumul, na ƙarfen sun yi shuɗi don zafi, suna warin ƙuna. Dattijon ya zauna a kan benci bai matsa ba, aka kawo sababbi ya juya su a hannu, ya sa aka canja har da sifirin, gama tsohon sifirin ya riga ya gaji. Bakaniken ya jiƙa faya-fayen cikin sabon mai kafin ya jera su, abin da masu gaggawa kan tsallake.

Da aka zo kan sarƙa sai bakaniken ya tambaya, "Alhaji... af, Baba, ina murfinta?" Ashe saurayin ne ya kwance shi tun shekaru uku da suka wuce, wai yana ƙara, kuma babur ya fi kyan gani ba shi. Tun daga ranar rairayi ke haɗuwa da mai yana cin sarƙa kamar dutsen wasa wuƙa. Aka aika shi gida nema. Ya same shi a bayan rumbu, kaza ta yi ƙwai a gindinsa. Aka wanke sarƙa da kananzir, aka sa mata mai, aka mayar da murfi. Washegari da sassafe muka ji ƙarar babur ɗin ya nufi hanyar Auyo, saurayin ke tuƙi, uban yana baya riƙe da buhun iri.