Wangara: Ƙasar Zinariya Ko Sunan Jama'a?

A shekarar 1532 Pizarro ya kama Atahuwalfa, sarkin Inka, ya karɓi fansa ta zinariya mai ɗimbin yawa, sa'an nan ya kashe shi a 1533. Tun daga nan ake ta farautar ragowar dukiyar da aka ce an ɓoye cikin duwatsu.

Afirka ta Yamma ma tana da labari mai kama da wannan. A 1154 Al-Idrisi ya siffanta Wangara da cewa tsibiri ne na zinariya wanda kogi ya kewaye. Masu zanen taswira na Turai suka riƙe maganar, har taswirar Rennell ta 1798 ta nuna Kwara tana ƙarewa cikin fadamun Wangara. Kuskuren kuwa daga ma'anar kalma ya taso. Asalinta sunan fataken Mali ne masu cinikin zinariyar Bambuk da Bure, watau waɗanda Hausawa ke kira Wangarawa. Tarihin Kano ya sanya zuwansu a zamanin Yaji, amma littafin Aslul Wangariyyin, wanda nasu ne, ya ce zamanin Rumfa ne. Jagoransu Abdurrahman Zaite, a Madabo aka ce ya sauka, unguwar da daga baya ta shahara da karatun Muhtasar.