Ƙwan salwa: amfaninsa da iyakarsa



A ƴan shekarun nan ana ganin wani ɗan ƙaramin ƙwai mai zane-zanen baƙi da ruwan ƙasa a kasuwannin birane. Shi ne ƙwan salwa. Masu talla suna cewa wai yana maganin ciwon sukari, da hawan jini, da fuka, da gyambon ciki, da rashin ƙarfin namiji. Har akwai masu barin maganin likita su koma shan ƙwan ɗanye. Don haka a wannan karo za mu bayyana abin da ƙwan yake yi, da abin da ba ya yi.

Wace tsuntsuwa ce salwa?

Sunanta ba baƙo ba ne gare mu, tunda an ambace ta cikin Alƙur'ani mai girma, a labarin Annabi Musa da Bani Isra'ila. Akwai ta daji, wadda take tasowa daga ƙasashen Turai ta yi lokacin sanyi a yankinmu na Sahel. Amma wadda ake kiwo don ƙwai, asalinta daga ƙasar Japan ne. Faransawa suna ce mata kay. Ba ta kai fakara girma ba.

Tana fara ƙwai tana da sati 6 ko 7 kawai. In ta samu abinci da kulawa, mace ɗaya tana yin ƙwai 250 zuwa 300 a shekara. Nauyin ƙwai ɗaya garam 10 ne ko kusa da haka. Wato sai an haɗa ƙwan salwa 5 kafin a samu ƙwan babbar kazar gidan gona guda. Ku riƙe wannan lissafi, za mu koma kansa.

Abin da ke cikin ƙwan

Masana sun auna garam 100 na ƙwan salwa, wato ƙwai 10. Sun samu garam 13 na abincin da ke gina jiki, da garam 11 na maiƙo. A nan, shi da ƙwan kaza kusan ɗaya suke. Inda ya fi shi ne wajen sinadarin ƙarfe mai taimakon jini: yana da miligaram 3 da rabi, na kaza kuwa bai cika 2 ba. Ya fi shi kuma bitamin B12 da bitamin B2. Yana da bitamin A mai taimakon ido, daidai da na kaza.

Wannan abu yana da muhimmanci gare mu. Babban binciken lafiya da aka yi a ƙasarmu a shekara ta 2012 ya nuna yara 73 cikin 100, daga wata 6 zuwa shekara 5, suna da ƙarancin jini. Hatsi yana cika ciki, yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya isa ya gina jikin yaro. Ƙwai, ko na salwa, ko na kaza, ko na zabo, yana cike wannan giɓi.

Wa ya kamata a ba?

Na farko yara. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai. Bayan wata 6 sai a fara ƙara abinci, ana ci gaba da ba da nono. A dafa ƙwan salwa guda, a murje shi sosai, a dama cikin kunu. Yaron da ya yi shekara ana iya ba shi 2 ko 3 a yini. Kada a miƙa wa ƙaramin yaro dafaffen ƙwai sukutum, don girmansa daidai maƙogwaro ne, yana iya shaƙe shi. In bayan ya ci kuka ga ƙuraje, ko kumburin baki, ko amai, ku dakata, ku kai shi gidan likita. Yaron da ƙwan kaza ba ya karɓarsa, sau da yawa na salwa ma ba ya karɓarsa.

Na biyu mata masu ciki da masu goyo, sai tsofaffi da wanda ya tashi daga ciwo.

Har yanzu a wasu garuruwa ana cewa yaron da aka ba ƙwai zai zama ɓarawo, ko mai ciki ba ta cin ƙwai. Wannan camfi ne. Ƙwai ba ya koya wa yaro sata. Rashinsa kuwa yana barin yaro da rama.

Yadda ake shirya shi

Ku sa shi cikin ruwan da ya tafasa, ya yi minti 4, sai ku tsoma shi a ruwan sanyi don ɓawon ya fita da sauƙi. Ana iya soya shi da albasa da tumatir, ko a sa dafaffe cikin miya, ko a yanka shi bisa dambu da kwaɗon zogale. Ku haɗa da tumatir ɗanye ko lemun tsami ko mangwaro, don suna taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a jinkirta shayi bayan cin abinci.

Kada a sha shi ɗanye. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kawo zawo da zazzaɓi, kuma jiki ya fi cin moriyar dafaffe. Ku ajiye shi a inuwa mai sanyi, a bazara kada ya wuce sati ɗaya. In kuna shakka, ku sa shi cikin ƙwarya da ruwa: sabo yana nutsewa, tsoho yana tasowa sama.

Abin da ba ya yi

Ba wani binciken likita da ya tabbatar ƙwan salwa yana warkar da ciwon sukari, ko hawan jini, ko fuka. Mai hawan jini da ya bar maganinsa yana iya faɗuwa, rabin jikinsa ya mutu. Mai ciwon sukari yana iya rasa ido ko ƙafa. Bayan haka, gwaiduwarsa tana da yawan kitsen nan da likitoci suke ce wa kolesterol. Mai ciwon zuciya ko ciwon sukari ya tambayi likitansa nawa zai ci. Abinci ne, a ci shi a matsayin abinci.

Ga mai saye kuwa, a tuna da lissafinmu. In kuɗin ƙwan salwa 5 ya zarce na ƙwan kaza ɗaya nesa, to, ku sayi na kaza. Da damina, lokacin da ƙwan zabo ya yi araha, shi ya fi muku riba.

Ga mai son kiwo

Salwa ba ta kiwon sake kamar kajin gida. Sai an yi mata keji, wanda kyanwa da ɓera da maciji ba su shiga. Mata 10 suna cin kilo 8 na abinci a wata, kusan tiya 3, su ba da ƙwai 7 ko 8 a yini. Dusa kaɗai ba ta isa. Sai an haɗa ɓarzajjen hatsi ko masara da tunkuza, da garin kifi, da garin ƙashi. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. A zafin watan Afrilu da Mayu ƙwai yana raguwa, sai a sa kejin inda iska take ratsawa.

Ku sani salwar gida ba ta cika kwanci ba. Ƙyanƙyasa sai da inji, kwana 17 zuwa 18, kuma sai an sa namiji ɗaya ga mata 3 ko 4. Don ƙwan ci kawai, ba a bukatar namiji.

Ku raba ta da kaji da agwagi. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a watan Fabrairu na 2006 ba. In tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa, kada ku ci, kada ku sayar, ku sanar da malamin dabbobi nan take.

Kada kuma wani ya sayar da akuyarsa don ya ji ana cewa akwai arziki. A ƙasar Kenya, a 2013, jama'a sun yi rububin kiwon salwa, har da masu cin bashi. Da 2014 ta kama, ƙwai ya yi yawa, kuɗinsa ya faɗi, mutane da yawa suka yi hasara. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ku fara da 10, ku ciyar da yaran gida tukuna, abin da ya rage ku kai kasuwa.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.