Motar Cooper: Labarin Wanda Ya Ɗaure Kayansa Daidai

Yau za mu kawo labarin wata motar tsere ta Ingila, Cooper T51, da abin da ta aikata a shekarar 1959. Kowane falke ya san ba ƙarfin jaki kaɗai ke kai kaya kasuwa ba. In mangala ta rinjaya gefe guda, kafin zango jaki ya gaji. Wannan mas'ala ita ce asalin labarinmu.

Ka sani, ya mai karatu, tseren da ya fi kowane daraja shi ne wanda ake kira Formula 1. Motocinsa kujera ɗaya gare su, ta direba kaɗai. A zamanin nan manyan maƙera, irin su Ferrari na Italiya, gaba suke sa inji. Daga nan sai a miƙa doguwar sandar ƙarfe, wadda makanikai ke kira farfela, ta bi ƙarƙashin direba har ta kai ga tayoyin baya. Saboda haka direba ya zauna bisa, mota ta yi tsawo da nauyi, iska tana tokare ta. Tankin mai kuwa yana can wutsiya, watau yadda mai ke raguwa haka ma'aunin mota ke sākewa a hannun mai tuƙi.

Charles Cooper da ɗansa John suna da ɗan gareji a Surbiton, kusa da Landan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka fara ƙera ƙananan motoci da injin babur. Tun da injin babur da sarƙa yake juya taya, sai suka ajiye shi bayan direba, kusa da tayoyin baya, don sarƙar ta isa. Larura ce ta kai su, amma sai suka tarar da alheri a cikinta. Ba su ne farkon masu wannan dabara ba, gama Jamusawan Auto Union sun yi ta tun kafin yaƙi, sai dai su ne suka sa duniya ta bi ta.

Owen Maddock ne ya zana T51. Injinta na kamfanin Coventry Climax ne, wanda aka sani da injunan famfon kashe gobara: silinda huɗu, lita biyu da rabi, ƙarfin doki wajen 240. Na Ferrari mai silinda shida ya fi shi da dawaki kusan arba'in. In ka ce, to, yaya mai rauni zai rinjayi mai ƙarfi? Sai mu ce, ta fuska uku. Na farko, babu farfela, direba ya zauna ƙasa, mota ta ƙanƙance, ta yi sauƙi. Na biyu, tankunan mai suna dama da hagun direba, nauyi ya taru a tsakiya, ko mai ya ragu ma'auni bai sāke ba. Na uku, mota marar nauyi ba ta cin taya, kuma tana shan kwana da sauƙi.

Da shekara ta buɗe, Jack Brabham, mutumin Ostareliya wanda asalinsa makaniki ne, ya ci tseren Monako mai yawan kwana. A Holan motar BRM ta ci. A Faransa da Jamus, inda hanya take miƙaƙƙiya, ƙarfin inji ya yi aikinsa, Tony Brooks na Ferrari ya ci duka biyu. Wannan shi ne aibin Cooper, ba ma ɓoye shi. Brabham ya ci na Ingila, a ranar da yajin aiki a Italiya ya hana Ferrari zuwa. Sa'an nan Stirling Moss, da Cooper ta wani attajiri mai suna Rob Walker, ya ci Fotugal, ya kuma ci Monza, a gidan Ferrari ke nan: motocin Ferrari suka tsaya sauya taya, shi kuwa ya wuce da tayoyin da ya faro da su.

Aka zo tseren ƙarshe a Sebring ta Amurka, ran 12 ga Disamba, mutum uku na neman sarauta: Brabham da Moss da Brooks. Motar Moss ta lalace tun da wuri. Brabham yana gaba har kewayen ƙarshe, sai mai ya ƙare masa. Abokinsa Bruce McLaren, ɗan shekara 22, ya wuce ya ci. Doka ta hana kowa taimakon direba, don haka Brabham ya sauko ya tura motarsa da hannu har ya ƙetare layi, ya zo na huɗu. Bisa lissafi turin nan bai ƙara masa maki ko ɗaya ba, ko bai tura ba sarauta tasa ce, amma bai yarda ya bar kayansa a hanya ba. Ya gama da maki 31, Brooks 27. Cikin tsere takwas da suka shiga, motocin Cooper suka ci biyar, suka karɓi lambar maƙera.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1960 Brabham ya sāke cin sarauta da sabuwar Cooper, kuma a shekarar ne mota mai inji a gaba ta ci tserenta na ƙarshe a gasar sarautar duniya. A 1961 Ferrari da kansa ya mai da inji baya, ya karɓi sarauta. Cooper kuwa, da kowa ya koyi dabararsa, wasu suka tsere masa, har ya bar fagen bayan 1968. Wanda ya buɗe kasuwa ba lalle shi ke tashi da ita ba. Amma duk motar da ta ci tsere a gasar sarautar duniya ta Formula 1 tun daga 1961, bayan direba injinta yake, inda masu ɗan garejin Surbiton suka ajiye nasu.