Ba A Fara Karatu Da Muhtasar: Maganar Damben Na'ura

Jama'a, kowa ya san Madabo a cikin birnin Kano, unguwar da malamai suka zauna tun zuwan Wangarawa, wadda ta yi suna da karatun Muhtasar na Shehu Halilu. Amma ba a miƙa wa ɗalibi Muhtasar ran da ya sauke Alƙur'ani. Sai ya bi ta kan Ahalari, da Ishmawi, da Iziyya, da Risala, sa'an nan ya kai ga babban littafi. To, wannan ƙa'ida ita ce samarin birni ke mantawa in sun shiga gidajen gem, inda ake biyan kuɗi a yi damben na'ura.

Ga bayaninsa domin wanda bai taɓa gani ba. Mutum biyu ke zama gaban talabijin, kowa da abin dannawa a hannu, kowa yana sarrafa hoton ɗan dambe guda. Wanda ƙarfinsa ya fara ƙarewa, an kashe shi ke nan, kamar dai yadda ake faɗi a filin dambenmu. Wasan ya bunƙasa ne a 1991, sa'ad da kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fito da Street Fighter II. Mortal Kombat ya biyo baya daga Amurka a 1992, kana Tekken a 1994.

Sabon shiga ba abin da ke burge shi sai jerin duka mai tsawo. Sai ya kwana yana hadda, ran gamo kuwa a kashe shi bai sami sukunin kai ko guda ba. A wurare da yawa wanda aka ci shi ke biya, fatake kuwa sun san sunan cinikin da kullum uwar kuɗi ke raguwa.

Ahalarin wannan wasa shi ne kariya. Ɗan damben gargajiya yana da hannun da aka naɗe da kara, yana kuma da hannun garkuwa, da shi yake tarewa, yake auna nisan abokin karawa. Haka abin yake a na'ura. Dukan ƙasa a durƙushe ake tare shi, wanda ya zo da tsalle kuwa a tsaye. Sa'an nan tarewa tana maganin duka, kamu yana maganin mai yawan tarewa, duka kuma yana maganin mai neman kamu. Wanda bai san waɗannan uku ba, danne-danne kurum yake yi.

Bayan kariya sai sanin lokaci, nan kuwa zurfin abin yake. Na'ura tana nuna hoto 60 cikin kowane sakan. A Tekken, ƙaramin naushi yana isa cikin hoto 10, watau kashi ɗaya cikin shida na sakan, ido ba ya ganinsa balle hannu ya tare. Babban duka kuwa, in aka tare shi, mai shi yakan tsaya ɗan lokaci ba kariya. Wannan ƙyaftawar ido ita ce kasuwar mai haƙuri. Saboda haka ya kamata mai koyo ya zaɓi ɗan dambe guda ya lizimce shi, ya san iyakar inda hannunsa da ƙafarsa ke kaiwa, ya kuma rage yawan tsalle, domin wanda ke sama ba ya iya tarewa.

Kada a ce sai ƙasashen da suka ƙera wasan ke iya shi. Wani saurayi mutumin Lahor ta Pakistan, Arslan Siddique, wanda ake kira Arslan Ash, a gidajen gem na garinsu ya koya. A 2019 ya ci gasar Evo ta Japan a wasan Tekken 7, kana a cikin shekarar ya tafi Las Begas ta Amurka, ya kashe Knee, gwanin Koriya ta Kudu, a zagayen ƙarshe.