Ƙarfen Haƙora Ba Haƙorin Makka Ba Ne

A wani biki da aka yi kwanan baya a Rijiyar Zaki, 'yar ƙanwata ta zo gaishe ni. Tana yin murmushi sai ga ƙarfe jere a haƙoranta na sama, kowane haƙori da 'yar robarsa, shuɗiya da ruwan hoda, daidai da launin ankon da ta saka. Na ce, "Ke kuwa yaushe haƙoranki suka karkace har aka kai ki asibiti?" Ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Kawu, wane asibiti? Ai yayi ne. A shagon da ake mana ƙunshi aka manna mini, ko rabin awa ba a yi ba."

Tun daga ranar na fara lura da yadda abin ya bazu a nan Ungogo, daga Bachirawa zuwa Kadawa, musamman tsakanin 'yan mata masu bibiyar TikTok da Instagram. Har musu ake yi a kai. Wasu na cewa na ƙarfe ya fi burgewa, wasu na cewa tsatsa yake yi a baki, wasu kuma sun rantse akwai na roba da ke jera haƙora cikin wata guda. Duk a kan kuskure ɗaya suke. Sun ɗauki ƙarfen gyaran haƙora kamar atamfa a Kantin Kwari, ka duba zane, ka duba aljihu, ka ce a yanko maka.

Na san inda wannan tunani ya samo asali. Mun tashi muna ganin haƙorin Makka a bakin alhazai, abin ado, shaidar an je an dawo. Da ƙarfen gyara ya shigo gari sai muka ajiye shi a layi ɗaya da shi. To, haƙorin Makka hula ce da aka sa wa haƙori ya zauna inda yake. Shi kuwa ƙarfen gyara, aikinsa tura haƙori ya yi tafiya cikin ƙashi. Wanda ya gane wannan ya gane komai.

Saiwar haƙori tana zaune ne a cikin rami a ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa masu hanyoyin jini suna riƙe da ita. Idan aka danna haƙori a hankali, dare da rana, jiki yakan turo ma'aikata kashi biyu. Kashi na farko suna zaizaye ƙashin da ke gaban saiwar don ta sami hanya, na biyu suna bin bayanta suna cike gurbin da ta bari da sabon ƙashi. Kamar magini ne da aka ce ya matsar da katanga alhali rufin ɗaki na kanta: sai ya riƙa sassaƙe nan yana yaɓe can, yana jira ya bushe. Tafiyar haƙori a wata guda ba ta cika wuce milimita 1 ba, ko kaurin ƙwayar gero ba ta kai ba. Shi ya sa aikin kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci har uku.

Manomin Rangaza ya san wannan darasi. In dashen mangwaronsa ya karkace, turke yake kafawa ya ɗaure shi da tsumma, ya riƙa ƙara matsewa kaɗan-kaɗan. Ranar da ya ce sai ya miƙe yau, ranar zai karye. Haka turken akuya: girgiza shi da ƙarfi, ramin ya yi faɗi, ba ya ƙara kamawa. Haƙorin da aka ja fiye da kima jini na iya yanke masa, saiwarsa ta gajarce, ya yi duhu, ya fara girgiɗi. Mai shagon kwalliya ba ta da ma'aunin wannan ƙarfi, ba ta kuma taɓa ganin saiwar da take ja ba. Mafi muni su ne masu ɗaura robar ɗaure kuɗi don rufe wushirya. Robar kan zame ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana yanke zaruruwan nan, har haƙoran gaba biyu su fita lafiyarsu ƙalau. Wushiryar da iyayenmu ke yabo a bakin amarya, yau ita ake sayen giɓi don a rabu da ita.

To wane iri ne ya dace da wanda haƙoransa ke buƙatar gyara da gaske?

Na ƙarfe shi ne jakin aiki. Ana manna 'yan ƙananan ƙarafa a fuskar kowane haƙori, a zura waya ta cikinsu. Ya fi sauran araha da juriya, kuma shi ake komawa gare shi idan haƙora sun cunkushe sun hau kan juna ko wani ya juya baya. Wanda ake sawa a asibiti ba ya tsatsa. Wayar da ake farawa da ita haɗin nikel da titaniyam ce, mai ƙoƙarin komawa siffarta ta asali duk yadda aka lanƙwasa ta, kuma wannan ƙoƙarin ne ke jan haƙora. Amma macen da kunnenta ke kumbura in ta sa ɗan kunnen da ba na zinari ba, ta gaya wa likita tun farko, don mai yiwuwa jikinta ba ya shiri da nikel.

Na tangaran aikinsa ɗaya da na ƙarfe, sai dai launinsa ya saje da haƙori. Ya fi tsada, ya fi saurin fashewa, kuma robar da ke riƙe wayarsa tana rinewa. Mai cin goro, mai shan shayi da zoɓo, mai son miyar manja, ya yi lissafi.

Akwai wanda ake mannawa a bayan haƙora, ba mai ganinsa. Yana gogar harshe, yana sauya furuci a makonnin farko, kuɗinsa ya fi na kowa, masu iya sa shi kuma ƙalilan ne. Malamin aji ko mai gabatar da shiri a rediyo ya san da haka kafin ya ce shi yake so.

Sai robar nan garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, wadda Invisalign ya yi fice da ita tun ƙarshen shekarun 1990. Ana sa ta awa 20 zuwa 22 a rana, a cire don cin abinci da wanke baki, a canja sabuwa bayan mako ɗaya ko biyu. Tana yi wa baligi mai kiyaye ƙa'ida, wanda matsalarsa ba ta yi tsanani ba. Yaron da ke zubar da biro kowane mako kuwa, a aljihun wando za ta ƙare. Kuma ita ma sai da idon likita. A Amurka, kamfanin SmileDirectClub da ke aika wa mutane irin wannan roba har gida ya rufe a watan Disamba na 2023, ya bar abokan cinikinsa a tsakiyar aiki.

Yara nasu daban ne. Ƙungiyar ƙwararrun gyaran haƙora ta Amurka na ba da shawarar a fara duba yaro yana shekara 7, lokacin yana cikin famfara, muƙamuƙinsa na girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani ma abin da yake buƙata kawai a hana shi tsotsar yatsa. Ƙarfen da ake mannawa yakan jira sai haƙoran girma sun fito, wajen shekara 11 zuwa 14.

Likita ba ya zaɓa sai ya ɗauki hoton ƙashin baki ya ga tsawon saiwoyi, ya duba yadda haƙoran sama ke haɗuwa da na ƙasa. Tun 1899 wani likitan Amurka, Edward Angle, ya kasa wannan haɗuwa gida uku, kuma har yau da rabonsa ake aiki. Idan dasashi na zubar da jini ko akwai kogo a turmi, su za a fara yi wa magani. Wani sai an cire masa haƙori don a sami fili.

Sauran tambayoyin kuma kai za ka amsa wa kanka. Za ka iya komawa asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8 har shekara biyu? Mutumin Fanisau ko Karo ya haɗa da kuɗin mota. Za ka haƙura da rake, ƙuli-ƙuli, goruba, aya da gasasshiyar masara? Kowannensu na iya ɓalle ƙarfen. Asuwaki kaɗai ba ya shiga lungunan waya, sai da burushi bayan kowane cin abinci, in ba haka ba ranar cirewa a tarar da fararen tabo a fuskar haƙora. Bayan an cire kuma akwai abin riƙo da ake sawa, galibi da dare, don haƙori na son komawa tsohon gidansa.

Mutanen Ungogo ba su da uzurin nisa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na nan da sashen haƙori, Jami'ar Bayero na yaye likitocin haƙori. A asibiti mai zaman kansa kuwa, ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin shaidar rajistar likita da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda masu manna wannan ƙarfe ke tallarsu a fili, da hoto da lambar waya, kamar masu sayar da turare. Ƙasar Tailan ta daɗe da haramta sayar da ƙarfen haƙora na ado. Mu kuwa da alama sai haƙoran 'yar wani babba sun zube za a kafa kwamiti.

'Yar ƙanwata dai mun kai ta an cire mata, aka wanke ragowar gam ɗin, dasashinta ya yi kwanaki yana jini. Iyaye, ku riƙa duba bakin 'ya'yanku in sun dawo daga gidan kwalliya. Ƙunshi in ya ɓaci sati biyu ya goge. Haƙorin girma in ya fita, ba ya sake tsirowa.